Bayan An Kayar Da Bos, Saura Wanne?

Duk wanda ya taɓa kai wasan bidiyo ƙarshensa ya san wannan shirun. An kayar da bos na ƙarshe, sunayen waɗanda suka haɗa wasan suna ta hawa a fuskar talabijin, hannun gem ya yi ɗumi saboda riƙo, sai mutum ya tarar ba shi da wurin zuwa gobe da daddare. Ya yi makonni yana bin Kratos a God of War, ko yana sukuwa tare da Arthur Morgan a Red Dead Redemption 2, ga shi yanzu labari ya ƙare. Sai ya ɗauki waya ya tambayi abokai: saura wanne?

Amsar da aka saba ba shi ita ce ya nemi wanda ya fi girma. Taswira mai faɗi, makamai birjik, wasan da za a yi wata uku ana bugawa. Da wannan kamfanoni suke tallar hajarsu, kuma ba laifi ba ne, kowa da abin da yake sayarwa. Sai dai girman yana da farashi. Red Dead Redemption 2 kaɗai yana neman gigabait 150 a kwamfuta, kuma wanda yake sayen data da kuɗin aljihunsa, yana kuma jiran a kawo wuta, ya san abin da wannan adadi yake nufi. Ban da haka, yawancin manyan taswirorin nan cike suke da aike: je ka kashe mutum goma, dawo ka karɓi lada, koma ka kashe wasu goman.

Mai wannan shafi yana ganin wanda ya gama babban wasa ya fi dacewa ya juya ga ƙanana, musamman waɗanda abin da mutum ya gane shi ne ke buɗe masa ƙofa, ba ƙarfin takobinsa ba. Can ne wasan kasada ya fi rai a 'yan shekarun nan, kuma daga can ya faro. A 1976 wani Ba'amurke masanin kwamfuta, Will Crowther, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin ARPANET, kakar intanet, ya rubuta Colossal Cave Adventure. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Rubutu ne ke gaya wa mutum inda yake tsaye, shi kuma ya buga kalma ɗaya ko biyu, a yi arewa, ko a ɗauki fitila. Crowther mai shiga koguna na dutse ne, kuma ya tsara wasan bisa wani yanki na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi a 1977. Abin da ya hana mutane barci a lokacin shi ne son sanin abin da ke bayan kwanar gaba.

Wasan da ya fi kowanne gadon wannan a yau shi ne Outer Wilds, na kamfanin Mobius Digital, wanda ya fito a 2019. Ya faro ne a matsayin aikin kammala digiri na biyu na Alex Beachum a wata jami'a a California, ya zo ya cinye kyautar BAFTA ta gwarzon wasa a 2020. Mai wasa wata halitta ce mai ido huɗu, sabon ɗan sama jannati daga wani ƙauye mai kumbon katako. Ya tashi, ya fara leƙa duniyoyin da ke kewaye da ranarsu, sai bayan minti 22 ranar ta kumbura ta fashe, komai ya ƙone. Sai ya farka a gefen wutar da ya kwana, a safiyar da ya tashi, kamar ba a yi komai ba.

Haka za a yi ta yi. Ba a ƙara wa kumbo ƙarfi, ba a samun sabon makami, babu ma makami. Kayan da mutum ya fara da su, da su zai gama. Abu ɗaya ne ke tsallake fashewar ranar, wato abin da ya gani ya riƙe a kansa, da kuma abin da na'urar kumbon ta rubuta masa. Kowace duniya kuma tana sauyawa cikin waɗannan mintuna. Akwai tagwaye biyu da rairayi ke kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya kamar ana juye buhu, don haka kogon da ke buɗe a minti na uku ya cike a minti na goma, yayin da ginin da ke binne a ɗayar yake fitowa sarari. Akwai wata mai suna Brittle Hollow wadda ƙasarta ke ruftawa gutsure-gutsure cikin baƙin ramin da ke tsakiyarta. A Giant's Deep kuwa guguwa ce ke ɗaga tsibiri sukutum ta cilla shi sama, ya dawo ya faɗo cikin ruwa da mutum a kansa. A bangon kufai akwai rubutun wasu mutanen da, Nomai, waɗanda suka shuɗe tun da daɗewa suna neman wani abu, kuma bin sawunsu shi ne dukkan aikin.

Abin mamakin shi ne hanyar zuwa ƙarshen wasan a buɗe take tun minti na farko. Wanda ya sani zai iya gamawa kafin shayi ya huce. Wanda bai sani ba zai yi dare goma sha yana kai-kawo. Shi ya sa masu son wasan suke yi wa sabon shiga rowar bayani, kuma suna da gaskiya. Aibinsa a fili yake: tuƙin kumbon yana da wuya a farko, mutum zai yi ta karo da duwatsu, wani ma ya faɗa cikin rana ba da niyya ba. Mai saurin fushi zai ajiye shi a daren farko. Wanda ya daure kwana biyu ba ya ajiyewa.

Wanda ya fi son bincike irin na ɗan sanda, ya nufi Return of the Obra Dinn. Lucas Pope ne ya yi shi kusan shi kaɗai, ya kwashe fiye da shekara huɗu, ya fitar a 2018. Shi ne dai mutumin da ya yi Papers, Please a 2013, wasan da aikin mutum a cikinsa shi ne duba fasfo a bakin iyaka. A wannan karon sana'ar da ya zaɓa ta ma fi waccan rashin armashi a ido: mai binciken inshora na kamfanin East India. Wani jirgin ruwan fatauci ya bar Landan a 1802, ya ɓace, sai ga shi ya dawo gaɓar Falmouth a 1807 babu mai rai ko ɗaya a cikinsa. Mutum 60 ne suka hau. Kamfani yana son sanin sunan kowa da yadda ya ƙare, don a san wa za a biya, wa za a ci tara.

An ba mai binciken littafi da agogon aljihu. In ya tsaya a kan gawa ya buɗe agogon, zai ji muryoyin daƙiƙun ƙarshe, sa'an nan ya ga wurin a daskare a lokacin da rai ya fita, ya zaga ya duba kowace fuska. Ba wanda zai ce masa ga sunan wane. Dole ya lura da lafazin mai magana, da irin rigar da ke jikinsa, da wanda yake zama kusa da shi lokacin cin abinci, da lambar da ke jikin ragar kwanciyarsa. Ma'aikatan jirgin daga ko'ina suke, Ingila, Indiya, Sin, Rasha, har da wani ɗan Saliyo. Dabarar da ta fi burge mai wannan shafi ita ce littafin ba ya tabbatar da amsa sai an dace da mutum uku a tare. Canki-canka ba ta aiki, sai an yi tunani. Hotunan kuwa launi biyu ne rak, ɗige-ɗige kamar na tsohuwar kwamfutar Macintosh, shi ya sa ƙaramar kwamfutar ɗalibi ma tana ɗaukarsa. Ba na yara ba ne, domin mutuwa ce daga farko har ƙarshe, wasu kuma munana.

Akwai wani da ya kamata Bahaushe ya fi Bature jin daɗinsa, wato Chants of Sennaar, na wani ƙaramin kamfani mai suna Rundisc a birnin Toulouse na Faransa, wanda ya fito a 2023. Matafiyi ne ya farka a gindin wata doguwar hasumiya mai al'umma biyar, kowace da benenta da harshenta, ba mai jin na wani. Harsunan ƙirƙirarru ne, alamomi ne kawai. Mutum zai ga wata alama a saman ƙofa, ya sake ganinta a bakin mai gadi, ya rubuta zatonsa a littafi, daga baya ya gane ashe ba "ƙofa" take nufi ba, "buɗe" ce. Mutanen bene na farko in za su yi jam'i sai su maimaita alamar sau biyu, abin da mai cewa iri-iri da kashi-kashi zai cafke nan take. Na gaba suna da alamar jam'i ta daban, wasu kuma sun juya tsarin jimlar gaba ɗaya. Wanda ya tashi yana jin Hausa a gida, Fulatanci ko Zabarmanci a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Turanci ko Faransanci a boko, ya riga ya saba da wannan aikin. Ga mai son gaskiya, wuraren da ake laɓe-laɓe don guje wa masu gadi ba su da daɗi, kamar an cusa su ne don kada a ce wasan ba motsi. Sa'a dai ba su da yawa.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce a wannan fanni. Outer Wilds karatu ne mai yawa, Obra Dinn kuma yana son kunnen da ke rarrabe lafazi. The Secret of Monkey Island na 1990, wanda Ron Gilbert ya jagoranta, har yau ana yaba shi saboda faɗan takobinsa da ba a cin nasara sai da iya mayar da baƙar magana, abin da duk mai abokin wasa zai so. Amma barkwancinsa na Turanci ne, in aka rasa kalma ɗaya an rasa dariyar. Wanda Turancinsa bai yi nisa ba ya ɗauki Machinarium na kamfanin Amanita Design na ƙasar Cek, na 2009. Labarin wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe ne da aka watsar a juji, ya harhaɗa kansa ya koma birni neman budurwarsa. Babu kalma ko ɗaya a cikin zancensu, zane ne ke fitowa a saman kai, kuma yana nan a waya.

Haka ma Brothers: A Tale of Two Sons, na 2013. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam zai yi murmushi da jin labarin, domin a nan ma ruwan magani aka fita nema: uba ne kwance ba lafiya, mai magani ya ce sai ruwan wata bishiya mai nisa, 'ya'yansa biyu suka kama hanya. Sai dai babu Malam Zurƙe a nan, kuma abin dariyar kaɗan ne. Josef Fares, wanda ya shirya shi, a Beirut aka haife shi, ya koma Suwidin yana yaro, kuma daraktan fim ne kafin ya shigo harkar wasa. Yaren da yaran ke yi ƙirƙirarre ne da aka gina a kan Larabcin Lebanon, don haka kunnen da ya saba da Larabci zai riƙa tsintar wani abu jefi-jefi.

Hikimar tana cikin hannun gem. Mutum ɗaya ne ke tafiyar da yaran biyu a lokaci guda, babban yatsan hagu na wan, na dama na ƙanen. Da farko sai su yi ta karo da juna kamar makafi. Wan ne mai ƙarfin jan ƙarfe, ƙanen ne mai shiga ta tsakanin sanduna, kuma ƙanen yana tsoron ruwa tun da mahaifiyarsu ta nutse a gabansa, don haka sai ya riƙe bayan wansa in za a haye kogi. Cikin sa'a uku yatsun sun saba da juna. Abin da wasan ya yi da wannan sabon a kusa da ƙarshe ba abin faɗa ba ne a jarida, amma fim ba zai iya yin sa ba, littafi ma haka, domin a yatsa ake jin sa.

Ga daren da aka gaji, akwai A Short Hike na Adam Robinson-Yu, na 2019, wanda bai kai gigabait ɗaya ba kuma ana gama shi cikin sa'a biyu. Wata tsuntsuwa ce mai suna Claire take jiran waya mai muhimmanci, ga shi babu sabis a tsibirin da ta je hutu, sai innarta ta ce mata a ƙolin dutse ne kaɗai ake samu. Duk wanda ya taɓa hawa tudu ko katanga a ƙauye yana ɗaga waya sama ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan labari. A hanya za ta yi kamun kifi, ta yi tsere, ta tara gashin zinariya da ke ƙara mata ƙarfin hawa. Ba a mutuwa, ba a faɗa, kuma ana iya miƙa wa yaro.

To, wani zai ce duk wannan wasan malamai ne, shi hannunsa na ƙaiƙayi, sara da suka yake so. Ba a hana shi ba. Prince of Persia: The Lost Crown, wanda reshen Ubisoft na Montpellier ya fitar a Janairun 2024, shi ne amsarsa. Jarumin, Sargon, ya bi sawun yariman da aka sace har Dutsen Ƙaf, sunan da ba baƙo ba ne ga wanda ya taso da jin hikayoyin malamai. Faɗansa yana da kaifi, tsallensa yana son natsuwa, kuma ya zo da wata 'yar dabara mai amfani: in mutum ya ga wurin da bai iya kaiwa ba tukuna, sai ya ɗauki hotonsa ya liƙa a taswira, ya dawo in ya samu hali. Masu sharhi sun yabe shi, kasuwa ba ta yi masa yadda kamfanin ya so ba, kafin shekarar ta ƙare aka rarraba ma'aikatansa zuwa wasu ayyuka. Wannan ya ce wani abu game da kasuwar, ba game da wasan ba.

Assassin's Creed Mirage na 2023 shi ma ya cancanci a ambace shi, ko don Bagadaza. An gina birnin na zamanin Abbasiyawa, wajen shekarar 861, da kasuwanninsa da Baitul Hikma, ana iya mayar da muryoyin duka zuwa Larabci, kuma akwai taƙaitattun bayanai na tarihi da ake tsinta a lungu-lungu. Labarin Basim, wanda mai wasa ke tafiyarwa, bai taka kara ya karya ba, gaskiya, kuma wasan na manya ne masu shekara 18. Birnin ne jarumin. Ya kuma fi wanda ya gabace shi, Valhalla, gajarta nesa ba kusa ba, abin da a nan yabo ne.

Daga nahiyar nan, ko daga 'ya'yanta, akwai biyu. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai tushe a Kenya, wanda ya yi muryar Bayek a Assassin's Creed Origins, ya kafa kamfaninsa ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, don juyayin rasuwar mahaifinsa. An gina shi a kan tatsuniyoyin Bantu, akwai muryoyin Swahili, kuma wanda ba ya son labarin da ake ciniki da abin bautar mutuwa gara ya sani tun yanzu cewa a kan haka yake tafiya. A matsayin wasa bai kai The Lost Crown ba, amma yana da zuciya. Na biyun na maƙwabta ne: Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wanda Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games suka yi a Yawunde, suna fama da ɗaukewar wuta irin wadda kowa ya sani, suka fitar a 2016. Sarki ne da matarsa, surukinsa ya yi masa juyin mulki ranar naɗi. Yana da kura-kurai na aikin farko, amma faɗansa yana da zafi, kuma ganin an yi shi a Kamaru ya isa ya sa wani yaro a Kano ko Maraɗi ya fara tambayar yadda ake yi.

In dole sai an ware ɗaya, mai wannan shafi Outer Wilds zai miƙa, da sharaɗi biyu. Na farko, kada a buɗe YouTube a kansa, ko an maƙale, domin bidiyon minti biyar zai iya cinye wasan gaba ɗaya, kuma ba a sake buga shi karo na biyu kamar na farko. Na biyu, a duba sunan da kyau kafin a biya kuɗi. A shekarar 2019 ɗin nan dai kamfanin Obsidian ya fitar da wani mai suna The Outer Worlds, shi ma na sararin samaniya, amma na harbi da bindiga. Mutane da dama sun sayi wannan suna zaton wancan ne, suka zauna suna jiran rana ta fashe.